Makwarwar Mertutek

Nakan rufe shagona a Tamanrasset in hau duwatsun Mertutek da kamara, ina neman wata makwarwa mai gudun mutane. Na sha zaman banza a inuwar itatuwan kwazazzabo kafin ta sauko shan ruwa, na ɗauke ta hoto.

Maƙwabcina a kasuwa, dattijo ɗan garinmu Damagaram, ya ga hoton ya ce, "Ina wurin? Ina da tarko."

A cikinmu 'yan kasuwa ba a ɓoye wa ɗan gari inda aka saro kaya. Na ce, "Baba, wannan ba haja ba ce."

Ya daina amsa gaisuwata. Sai me? Kullum ina gaishe shi, ita kuma makwarwar tana can tana shan ruwanta.