Goggo Gulizar da Auren Furanni

Goggo Gulizar, ƙanwar babana, ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk ƙauyenmu na kan duwatsun Toros babu wanda ya san kardelen kamar ta, farin furen nan da ke huda dusar ƙanƙara ya fito. Tun tana 'yar shekara tara take bin uwarta haƙar albasarsa a watan Mayu. A ɗebi manya a sayar, a mayar da ƙanana ƙasa.

Iri biyu muka sani: mai faɗin ganye a gefen inuwa, mai siririn ganye a gefen rana. Ita kaɗai ta dage akwai na uku, a wani ɗan kwari da ke tsakani, inda Durmush mai zuma ke ajiye amyoyinsa.

"Ƙudan zumarka ne suka ɗaura musu aure," in ji ta. "Ganyen na uba, ɗigon koren da ke jikin furen na uwa."

"To Goggo, mu ba a gayyace mu biki ba?" in ji Durmush. Aka kwashe da dariya.

Shekarar da masu saye suka matsa, maza suka ce sai an haƙe kwarin tas. Ta san in aka haƙe, irin ya ƙare ke nan. Ta ɗauki sandarta ta tare a wurin, kullum daga asuba zuwa magariba. Kunya ta ishe ni, na je lallashi, ta kore ni kamar akuya. Kwana goma sha ɗaya ta yi, har ganyen ya bushe, ba mai iya gane inda albasar take.

Da bazara ta zagayo wata malamar jami'a ta zo, ta yanki ganye ta tafi. Bayan shekara takarda ta iso hannun dagaci: binciken ya nuna furen kwarin ɗan iri biyun ne, kuma kada a sake taɓa shi.

A gidan shayi za a karanta, inda mace ba ta taka ƙafa. Goggo ta shiga ta zauna a gaba. Wallahi ranar kaina ya fi hulata girma. Ta ce Durmush ne zai karanta, tunda ya fi kowa murya. Ya karanta yana gumi.

"Sake, ɗan nan, kunnena ya yi nauyi."

Sau uku ya maimaita. Kunnenta kuwa lafiya lau.