Wanda ya sallami Baba

Shekara shida na riƙe reshen wani kamfanin iri da taki a Dogon Dutsi. Cikin ma'aikatana akwai dattijon da muke kira Baba, mai zagaya ƙauyuka a kan moto, wato babur, daga Kore Mairuwa har Geceme. Ya girmi mahaifina. Ni takardar lakkwal, ta karatun boko, ta ba ni kujerar, amma shi manoma suka sani.

Baba ba ya shiga gari ya fara da zancen iri. Sai ya gai da mai gari, ya leƙa marar lafiya, in an yi rashi ya zauna gaisuwa, a damo fura ya sha. Can in rana ta yi sanyi wani zai ce, to wane gero kuka zo da shi bana? A lokacin aiki ke farawa, kuma irin da ya ce a shuka shi ake shukawa.

Sai aka canza shugabanni a Yamai. Tsohon darakta kan zo da kansa ya ci tuwo da mu. Sabon kuwa ban taɓa ganin ƙafafunsa ba, daga ƙirji zuwa sama na san shi, a fuskar kwamfuta, in rezo, wato layin sadarwa, ya yarda. Aka raba wa ma'aikata salula: duk manomin da ka ziyarta ka ɗauki hotonsa ka tura. Mai hotuna da yawa sunansa ya yi kore a allon darakta, mai kaɗan ya yi ja.

Sauran suka gane dabara cikin mako guda. Ranar kasuwa su tsaya bakin tasha, duk mai malfa ya zama manomi. Baba kuwa salularsa cikin jakar moto take wuni. Da na yi masa magana sai ya ce:

"Madam, ina zamne gaban dattawa in hiddo wagga aba in nuna ma mutum ga huska? Wanda anka yi ma rashi jiya? Ba haka anka hore ni ba."

Na yi dariya na ce Baba ba ka da dama. Ban matsa masa ba, kuma a nan na cuce shi.

Wata uku sunansa yana ja. Wata Laraba da safe saƙo ya shigo kwamfutata: an yanke shawarar sallamarsa, saura shugabar reshe ta tabbatar. Na kira Yamai aka ce darakta yana taro, in rubuta. Na rubuta doguwar magana, amsar ta dawo kafin in sha ruwa, layi ɗaya, cewa alƙaluma ne suka nuna. Na ce aƙalla zan yi abin yadda ya kamata. A wajenmu ba a sallamar babba a buro, wato a ofis. Zan jira Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in ɗauki kawuna da goro mu je gidansa, a zauna kan tabarma a gaya masa. Da can in ka sa hannu, wasiƙar sallama sai ta yi mako kafin motar Yamai ta kawo ta. Da wannan lissafin na danna na tabbatar.

Ashe Baba ya ji ana raɗe-raɗin jan sunansa zai shafe ni. Ran nan, a wani ƙauye kusa da Tibiri, ya roƙi dattawa gafara, ya ce su taimake shi da hoto saboda yarinyar da ke shugabantarsa a wajen aiki. Suka gyara huluna suka jeru ƙarƙashin gawo. Ya ciro salula, ta ƙi buɗewa, sai wani rubutun Faransanci. Ya miƙa wa malamin lakkwal ɗin garin, shi kuma ya karanta da ƙarfi ya fassara: mai wannan salula ba ma'aikacinmu ba ne daga yau, ya mai da kayan aiki.

Bayan la'asar ya shigo burona, ƙura har gira. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ajiye salula da makullin moto a kan tebur da hannu biyu.

"Ɗiyata, kak ki damu, aiki dama ƙarewa shikai. Abu guda ad dame ni. Dattawan sun tambaye ni wa as sallame ni, su taho su ba shi haƙuri. Na rasa sunan da za ni hwaɗi. Ke kin san ko wane ne?"

Na dubi tebur na ce daga Yamai ne, Baba.

Ya ce Allah shi kyauta, ya yi mini addu'a ya fita. Yanzu yana sai da igiya a kasuwa, kuma duk ranar da na wuce shi ke fara tashi ya gaishe ni. Har yau ban gaya masa ba.