Murfin Randar Hajiya Lami

In mutane suna labarin Farfesa Furera ta Ƙofar Marusa, da digirinta uku a fannin lissafi suke farawa. Ita kuwa in ta tashi ba da nata, da randa take farawa, tana yi tana dariyar kanta.

Ita ce ɗiyar fari, mahaifiyarta Hajiya Lami kuma irin matan da ce masu alkunya: ba ta faɗin sunanta, balle ta yabe ta, sai dai "waccan". Furera kan ce ta warware matsalolin da suka gagari masu furfura, amma ta kasa tatso "sannu da ƙoƙari" daga bakin tsohuwa guda.

Shekarar da soja suka koma bariki, lokacin da ko ɗan takarar kansila yana da maroƙinsa, ƙungiyar masana lissafi ta ba ta lambar yabo: farantin azurfa, an zana sunanta a tsakiya. A kan cinya ta riƙo shi tun daga jami'a har Katsina, tana ta gwada yadda za ta sunkuyar da kai in an yabe ta. Gandamemiyar mace, in ji ta, tana rawar jiki kamar 'yar firamare.

Hajiya ta jujjuya farantin, ta ƙwanƙwasa, ta ce dama faifan randa ya mutu. Ta kife shi a bakin randar tsakar gida.

Furera ta shige ɗaki tana kumburi, ta ƙudura ɗauke abinta in za ta koma. Da la'asar maƙwabta suka fara shigowa sannu da zuwa. Ta bayan labule ta hango Hajiya, wadda ciwon gwiwa kan hana ta ɗaukar ko buta, ta miƙe da kanta don ɗebo wa baƙi ruwa. Ta ɗaga murfin, ta riƙe shi a rana, tana ta laluben moɗar da ke gabanta, har sai da matar Malam Gwadabe ta tambayi abin da aka rubuta a jiki.

"Wai na waccan ne," in ji Hajiya. "Ni ina na sani. Karanta mana mu ji."

Ranar an sha ruwa a gidan, har da waɗanda suka rantse ba sa jin ƙishirwa. Furera ta koma jami'a hannu rabbana. Har yau bangon ofishinta wayam yake. Wanda ya nemi ganin lambar, sai ta ce ya je Ƙofar Marusa ya roƙi ruwa.