Ƙwallon da Ban Matsar Ba

Mahaifina ba liman ba ne, ba kuma sarkin kowa ba ne, amma a layinmu na Akwatialine, cikin Zango a ƙasar Tonawa, da wuya mutum ya fara wata muhimmiyar harka bai biyo ta ƙofar gidanmu ba. Aikinsa riƙe ranaku. Da an idar da sallar asuba sai ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, ya gyara murya, ya faɗi ranar mako, ya faɗi kwanan watan Musulunci, ya faɗi na Nasara saboda masu aikin kanti da na jirgin ƙasa, sannan ya faɗi yadda ranar take a wurin Tonawa, wato Asante masu ƙasar. Daga nan sai ya saki baki. A rana irin ta yau aka kafa famfon bakin masallaci. A rana irin ta yau wani sa ya ƙwace daga hannun mahauta ya faɗa rumfar wanzami, aka tashi da rabin aski. Saura kwana kaza mangwaro ya cika kasuwa. Mai son yanka sabon yadi ya bari sai Alhamis. Wata rana kuma ba tarihi ba komai, sai tunaninsa kawai, ya yi ta mamakin yadda kaza ba ta gajiya da tono.

Mutane suna son wannan zama. Ni ce dai ba na so, kuma ina da dalili.

Lokacin ana cikin shekarun da ake ta maganar Turawa za su tafi. Aurena ya mutu, na dawo gida, mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, saboda haka daga ni sai shi. Koko da ƙosai nake sayarwa. Ni ce share ƙofa kafin su zo, ni ce shimfiɗa tabarmi, ni ce naɗewa in sun tashi. Kuma duk wanda ya zauna gaban Baba baƙonsa ne, baƙon Baba kuwa ba a barinsa da busasshen baki. Daidai lokacin da leburori ke wucewa zuwa unguwar Anloga suna neman abin karyawa, ni ina durƙushe ina miƙa wa dattawa koko, suna kurɓa suna gyaɗa kai ga labarin san nan da suka ji sau goma. Akwai wani tsoho mai nauyin kunne wanda bai taɓa jin kalma ɗaya daga bakin Baba ba, amma bai taɓa fashi ba. Kokon dai yana jin sa sarai.

A cikin duk abin da Baba yake faɗa, lissafin Tonawa ne mai haɗari. Kwanan wata in ka ɓata, liman zai gyara maka. Na Nasara yana rubuce a ofis. Amma Tonawa suna da ranakun da ƙasa ke hutawa, ba a shiga gona, ba a shiga daji. Babbar ita ce Lahadin Adae, wadda ke zagayowa duk mako shida, kuma wannan ba ta ɓoyuwa, don tun safe za ka ji tambura daga fadar sarkinsu. Akwai kuma wata Laraba a tsakani, wadda mu 'yan Zango ba ma lura da shigarta. A ƙauye kuwa baƙon da ya sa adda a ƙasa ranar ya janyo wa kansa magana. Masu goro da masu itace da masu kai leburori gonakin koko duk a bakin Baba suke jin ta. Shekara talatin ya ɗauke musu wannan nauyi, har kawunansu suka manta yadda ake yi.

Kayan aikinsa ƙananan ƙoƙuna biyu ne da ƙwallon dabino shida. Duk Lahadi ya ɗauki ƙwallo ɗaya daga wannan ƙoƙo ya jefa a wancan. In uku sun ƙaura, Larabar da ke biye ita ce mai nauyi. In shida sun cika, Adae ce, sai a juye a sake. Sau dubu na gan shi yana yi, ban taɓa tsayawa na duba ba, don ni a ganina wasan tsofaffi ne.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi. Da ya ji jikin ya fi ƙarfinsa sai ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya faɗar sunan.

"Uwata, ɗauki ƙoƙunan nan ki kai ɗakinki, kar in zubar. Duk Lahadi ƙwallo ɗaya. Ɗaya tak, kin ji?"

"Na ji, Baba."

Na ɗora su can saman kwanukana. Lahadin farko na matsar. Kafin ta biyu ta zo, ni kaina na zama abin tausayi. Kwana goma sha wani abu ina jinya ina talla, ina wanke zannuwan da suka jiƙe da guminsa, ruwan sama kuma ya hana su bushewa. Ranar Lahadin famfonmu ya ƙafe, sai da na je har wani layi na yi sahu uku. Da azahar na jingina da bango don in miƙe ƙafa kaɗan, ban farka ba sai da aka kira la'asar. Na tashi na ɗora tuwo. Ƙwallon dabino ko a raina.

Washegari Litinin Baba ya tashi garau, sai rama. Ya ce a fitar masa da buzu. Kafin in ankara labari ya bi layi, ƙofa ta cika. Na kawo masa ƙoƙunansa, na koma na ɗauko tukunyar koko, tana ƙona mini hannu ta cikin tsumma. Ina wucewa ya ce, "Uwata, kin matsar duk Lahadi?"

"Na matsar, Baba."

Haka kawai ta fito, yadda mutum ke cewa lafiya lau in an gaishe shi. Ina dire tukunyar na tuna. Na waiga, ya riga ya leƙa ƙoƙon, ya ga ƙwallo biyu. Zazzaɓin ya share masa kwanakin da ya yi a kwance, bai da abin dogaro sai ƙoƙon da maganata.

A cikin mutanen akwai wani mai goro, mutumin arewacin ƙasar ne, ba Bahaushe ba, dattijo mai furfura, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ce, "Baba, Laraba nan yana da kyau? Na sayi goro bisa itace, wani ƙauye gaba da Tafo. Ina so in kai lebura su tsince."

Baba ya ce, "Larabarka fes take. Mai nauyin sai mako mai zuwa."

Ina nan tsugune ina ɗauraye ludayi, na ji da kunnena. Ina da yinin Litinin, ina da Talata gaba ɗaya. Ban buɗe baki ba. Da farko kunya ce, don in na yi magana a gaban mutane na ƙaryata kaina. Daga baya na shiga lallashin zuciyata, ina cewa wataƙila na matsar na manta. Can ƙasa kuma akwai gajiya, irin wadda ke sa mutum ya ga ƙaramar magana ta yi masa nauyin buhu. Na ce wa kaina, ƙwallo ɗaya me zai yi.

Ranar Alhamis mai goro ya zo. Bai cire takalmi ba, bai zauna ba, na miƙa masa koko ya kawar da kai. A tsaye ya ba da labari. Sun shiga gonar da sassafe, shi da mutum shida. Ba su cika kwando ɗaya ba samarin ƙauyen suka zagaye su, aka tasa ƙeyarsu zuwa gaban mai garin. Aka durƙusar da su a rana, yara suna kallo. Sai da ya ba da rago aka yanka don a wanke ƙasa, mai gonar kuma ya fasa cinikin, ya ce kar ya sake ganin ƙafarsa a wurin.

"An kunyata ni paa, sosai, Baba," in ji shi. "Ni da furfura na. Na ce musu malamin mu ya duba, suka yi dariya. Ban zo faɗa ba koraa, ko kaɗan. Amma in kai ya gaji, a faɗa ma mutane."

Na jira Baba ya waiwayo ya dube ni, har na fara shirya abin da zan ce. Bai waiwayo ba. Ya daɗe yana kallon ƙoƙunan, sannan ya ce, "Ka yi haƙuri. Kuskurena ne."

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya daina gaishe shi. Raguwa kawai suka yi, yau babu wane, gobe babu wane. Telan bakin hanya, wanda ya ɗan taɓa boko, ya samo kalandar kanti mai ranakun Tonawa da jan tawada ya rataya a shagonsa, masu goro suka koma can. Kalandar ba ta san labarin san nan da ya shiga rumfar wanzami ba, amma ba wanda ya nemi wannan a wurinta. Baba ya ci gaba da fitowa. Ya faɗa wa mutum huɗu, ya faɗa wa biyu, har ya rage daga shi sai tsohon nan mai nauyin kunne. Ranar da shi ma ƙafa ta hana shi zuwa, na ji Baba ya gyara murya, ya faɗi ranar mako, ya tsaya. Bayan kwana kaɗan ya ce in bar buzun a ɗaki, sanyin safe yana shigarsa.

Zan faɗi gaskiya, Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Na daina share ƙofa don wasu. Tabarmi suka zauna a naɗe. Ina sauke tukunya nake fita bakin hanya, kafin hantsi na sayar na dawo, har in samu in kwanta kaɗan. Bayana ya daina ciwo. Matan layin suka ce na yi ƙiba. Duk safiya nakan ce yau zan faɗa masa, sai in tuna in na faɗa zai kira mutane, a sake cika mini ƙofa, sai in ce gobe. Haka na kwashe kusan wata biyu ina cin hutun da na san inda na samo shi.

Abin da ya tashe ni ƙarami ne. Wata Lahadi tambura suka tashi daga fada tun safe, Adae ta zo. Da can Baba kan yi murmushi in ya ji su, don shi ya riga ya faɗa tun jiya. Ranar sai na ga ya zabura kamar baƙo, ya ce, "Lafiya? Wani babba ne ya mutu?" Na bar shi na shiga ɗaki na yi kuka.

Mai goro na fara nema. Na same shi a rumfarsa yana yayyafa wa goro ruwa yana canza ganye. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga famfon da ya ƙafe. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya zaɓo farin goro biyu ya miƙo mini.

"Yoo, na ji," in ji shi. "Allah ya ba mu ɗiya kamar ki. Je gida, maganan ya wuce."

Ya ɗauka rufa wa Baba asiri nake yi. Na rantse masa, ya ƙara mini goro ɗaya.

Na ɗauki kwanaki kafin in iya tunkarar Baba. Da hantsi ne, yana zaune bakin gado, carbi a hannu amma ba ja yake ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, ƙwallon nan ni ce ban matsar ba. Lahadi ta biyu barci ya ɗauke ni. Da ka tambaye ni, ƙarya na yi maka. Kanka lafiya lau yake."

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi.

"Uwata ke nan. Ai ina tunawa. Cikin zazzaɓin na ɗauko ƙoƙunan, na mayar da ƙwallo ɗaya baya da hannuna. Ina ganin abin kamar yanzu."

"Baba, ƙoƙunan suna ɗakina, saman kwanuka. Ko tsayuwa ba ka iyawa lokacin."

"To kin gani," in ji shi. "Mutumin da ba ya iya tuna inda ƙoƙonsa yake, shi zai riƙe wa jama'a ranaku?"

Na ƙura masa ido ko rufa mini asiri yake yi, don da hakan ne da na samu sauƙi. Ba haka ba ne. Wata biyu ya yi shi kaɗai yana neman inda ya yi kuskure, da bai samu ba sai kansa ya ƙera masa, ya kuma yarda. Na ce zan dafa Alƙur'ani. Ya ɗaga hannu ya hana ni, ya ce kar in kuskura in yi rantsuwa a kan ƙarya don in faranta wa tsoho rai. Sannan ya ɗora tafinsa a kaina ya yi ta sa mini albarka, doguwa, irin wadda bai taɓa yi mini ba ko ranar aurena. Ya ce Allah ya ba ni mai tausayina kamar yadda na tausaya masa. Ina durƙushe ina cewa amin.

Na miƙe zan fita, na kai bakin ƙofa, ya kira ni.

"Uwata, yau wace rana ce?"

Na ce, "Alhamis, Baba."

Ya gyaɗa kai, yana jiran sauran lissafin. Ni kuwa iyakar abin da na sani ke nan.