Marin Da Na Ce A Ɗauko

Shekarun baya, tun gwiwata ba ta fara yi mini gardama ba, na tafka wata wauta da har yau ban sami wanda zan ɗora wa ba. Ni ne wawan labarin nan, kada ku sha wahalar nema.

A lokacin ni ne direban wata ƙaramar ƙungiya a nan Wudil, mai kula da masu taɓin hankali. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma in ana taro nakan gyara hula in ce "haka ne", har baƙi su zaci ni ne shugaba. Mai jan ragamar kuwa 'yar ƙanwata ce. Ita ke rubuta takardar neman tallafi, ita ke tsara fitar ma'aikata, ita ke zaryar Kano wurin jami'an lafiya don a sa maganin ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitoci.

Wa'adin tallafinmu ya zo ƙarshe, in ba a sabunta ba magani ya yanke. Rahoton da za mu aika wa masu tallafin yana son hoton mutum ɗaya da ya sami sauƙi. Ranar tafiya zazzaɓi ya kwantar da ita, sai ta miƙo mini waya da takardar neman izini.

"Kawu, ka karanta masa tukuna. In ya ce a'a, ka juyo."

Mutumin manomi ne a wani ƙauye gaba da Darki. Shekara huɗu ya yi a ɗaki da mari a ƙafa. Mu muka kai maƙerin da ya cire masa, 'yar ƙanwata kuma ta hana a ɗauki hoto ranar. Yanzu yana shan magani, matarsa ta dawo, an koma kiransa da sunansa.

A hanya sai basira ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum in ba mai kwaɓarsa. Na ce, wa zai ji tausayin ƙato mai fartanya a kafaɗa? Ai sai an nuna musu yadda yake a da.

Muka gaisa, muka tambayi damina da iyali, mahaifiyarsa ta kawo fura. Na sha na ƙoshi, takarda na aljihu. Sannan na gyara murya.

"Iya, marin nan kuwa yana nan?"

Tsohuwa ta tsaya da ludayi a hannu. Na juya wurinsa.

"Minti biyu ne kawai. A saƙala, in ɗauka, a cire. Don 'yan'uwanka su ci gaba da samun magani."

Ya tashi ya nufi gindin rumbu. Ƙarar ƙarfen muka fara ji, sai tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ya tsuguna a gabana wandonsa ya ɗage, na ga tabon, baƙi, ya zagaye idon sawu kamar an zana.

Tallafin dai an sabunta daga baya, da hoton dawar gonarsa kawai. 'Yar ƙanwata ba ta yi mini faɗa ba, kallona ta yi, da ma faɗan ta yi. Da can na ɗauka aikinta iya lallashin masu kuɗi ne. Ashe rabinsa tsare mutuncin mutane ne daga masu son taimakonsu irina.

Amma ba ita ta kashe mini baki ba, manomin ne. A tsugunen nan ya buɗe marin, ya turo shi daidai takalmina, ya ɗago kai a natse.

"Baba, ai a hoto ba a gane ƙafar wane ne. Miƙo taka, ni in ɗauka. Minti biyu ne kawai."