Ranar da Turancina ya kashe mahaifina

Shekarun baya, ina aji biyar a sakandare, ciwon ciki ya kayar da mahaifina a shagonsa na yadi. Daga kasuwa aka wuce da shi asibiti, kai tsaye ɗakin tiyata. Muka zauna a baranda, ni da mahaifiyata da baffana.

Likitan ba ya jin Hausa. Da ya fito yana cire safar hannu, baffa ya turo ni gaba. "Tahi ke, 'yar boko, jiyo muna."

Lokacin kuwa ji nake duk unguwarmu ta Gawon Nama ba wanda ya kai ni Turanci. Likita ya sauke numfashi, ya girgiza kai ya ce, "It was touch and go." Ya ci gaba da bayani, amma kunnena ya riga ya toshe. Touch na sani, taɓawa. Go na sani, tafiya.

"Mi yac ce?" in ji Inna.

Na ce, "Wai suna taɓa shi... ya tafi."

Inna ta sulale ƙasa tana salati. Baffa ya jingina da bango, ya kira 'yan'uwa na garin Dundaye ya ce a fara shirin jana'iza. Likita ya tsaya yana kallonmu baki buɗe, yana ta "No, no!" Ni kuma na ɗauka haƙuri yake ba mu.

Sai ga wata nas, dattijuwa, ta leƙo. "Kai jama'a, kukan mi kukai? Tsohon ga ai shina da rai! Yanzu za ya farka ya tambayi hulatai."

Ita ta zaunar da ni, ta ce in Bature ya faɗi haka, yana nufin abu ya kai gargara, saura ƙiris a rasa, ba a san inda zai faɗa ba. Wato an sha da ƙyar. Baffa ya sake kiran Dundaye, har an aiki yara su sanar da liman.

Da Baba ya warke, abin ya zama nasa na tsokana. Kullum zai fita kasuwa sai ya dungure min kai ya ce, "To malama, na taɓa, zan tahi. Kar ki tara min mutane."

Kowa ya yi dariya, har ni. Amma har yau ban ƙara fassara wa kowa magana ba sai na ji ƙarshenta.

Bara Allah ya karɓi abinsa, Baba ya rasu a gida, bayan sallar la'asar. Baffa ne ya faɗa min, da Hausa tsantsa. Na tsaya ina kallon bakinsa, ina jira ko akwai sauran magana.