Na Raka Yayana Asibitin Ido, Aka Ce Ni Ma In Zauna

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare a Kanvili, idon yayana ya fara ƙarewa. Tun muna yara yake da dundumi, rana na faɗuwa sai lalube, amma ya kai har da rana tsaka yakan ce kamar ta cikin bututu yake kallon duniya. Dole ya ajiye yalo-yalon, wato keke mai ƙafa uku, da yake ɗaukar fasinja da ita.

Wata abokiyar aikina ta turo mini bidiyo, wai Turawa sun gano yadda ake gyara irin wannan ido da jan haske. Ni kuwa da ma akwai ɗoki da iyayi. Ban gama kallo ba na riga na warkar da Yaya a raina. Washegari na je gidanmu a Tishigu, na goya shi a bayan motona, wato babur, muka nufi asibitin ido, ina ratsa mutane ina yi masa lacca a kan abin da ni ma jiya na fara ji.

Likitan mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya duba Yaya ya ce ciwon gado ne, fatar da ke can bayan ido mai karɓar haske ce take mutuwa a hankali. Na yi caraf na miƙa masa waya.

"Madam, wannan ana kan gwaji ne a waje, bai zama magani ba tukuna," in ji shi. "Kar ka je kasuwa ka saya jan toci ka haska shi, don Allah."

Sai ya kashe fitila zai ƙara dubawa. Na tashi in gyara wa Yaya zama, na yi tuntuɓe da kujera, na tsaya ina shafa bango. Da fitila ta dawo, ni likitan yake kallo.

"Madam, ba ka ga kujera ba?"

Na ce, "Wa zai ga kujera a wannan duhun?"

"Ni na gani. Nas ma ya gani. Zo ka zauna."

Ya ce in kalli hancinsa, in na ga yatsunsa daga gefe in faɗa. Na yi ta jira har na fara jin haushi. Sai da hannun ya kusa gaban fuskata na gan shi, ashe tuntuni yake kaɗa shi. Ya ɗiga mini magani ya leƙa, sannan ya tambaya da me muka zo.

"Da moto. Ni na tuƙo."

Ya dafe kai. Yaya sai salati yake yi. Ni kuwa tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ya rufe ni. Wallahi duk tsawon rayuwata na ɗauka haka kowa yake gani. A asibitin muka bar moton.

Da muka faɗa wa mahaifiyata ba ta ko yi mamaki ba. A gidanmu akwai doka, ba mai fita bayan magariba, har alfahari muke da ita a unguwa, wai tarbiyya.

"Wace tarbiyya?" ta ce. "Kakanku ne ya kafa ta saboda ba ya gani da yamma, babanku ma haka. Ke da kike karatu lafiya, na ce Allah Ya tsallake mini ke."

Yau shekaru sun wuce. Ina iya karatu har yanzu, ina zuwa asibiti a duba ni, ina bin labarin maganin haske ba tare da na sa rai da yawa ba. Abin da na koya shi ne mutum ba ya sanin abin da ba ya gani, don ba baƙi nake gani a gefe ba, babu komai ne kawai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne ranar da na koma aji na gaya wa yara, na ce duk mai son amsa ya kira ni da baki. Wata yarinya a layin taga ta tashi.

"Madam, ashe ba kya ganinmu ne? Kullum muna ɗaga hannu. Mu mun ɗauka ba kya sonmu."